'Yar Gida Ba Ta Da Ranar Hutu

Ɗakin guga shi ne na can ƙurya a shagonmu na wanki, sai an wuce injinan wanki da igiyoyin shanya kafin a kai gare shi. Taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta ta toshe ta. A nan Goggo, yayar mahaifina, take tsayuwa tun daga buɗe shago har rufewa, a gaban babban injin guga mai tururi. Za ta shimfiɗa zanen gado, ta janyo murfin da hannu biyu, ta taka feda da ƙafar dama, tururi ya yi huci ya lulluɓe ta har a daina ganin fuskarta. Idan ya washe, tana nan inda take, ta riga ta ɗauko wani zanen. Injin nan ba ya aiki da wanda ke zaune, dole sai a tsaye.

Da na gama karatuna a fannin kula da ma'aikata, Baba ya kira ni ofishinsa, wani ɗan ɗaki mai sanyi kusa da kanta, teburin da ake karɓar kayan kwastomomi.

"Ke da kika yi karatun mutane, zo ki gyara mini yaran nan," in ji shi. "Ka ɗauki yaro ka koya masa aiki, da ya iya sai ka ji shi a wani shagon. Ga shi na samu kwangilar wankin wani babban otel, ba ni da hannun da zai riƙe ta."

Na zauna da matasan ɗaya bayan ɗaya. Kukansu ɗaya ne: zafi, tsayuwa, babu ranar hutu, kuma mutum bai ga inda aikin zai kai shi ba. Na tsara musu karɓa-karɓa. Kowa ya yi rabin yini a ɗakin guga, rabi a teburin ninki inda ake zama. Kowa ya samu ranar hutu a mako. Wanda ya ƙware a ninki a koya masa injin wanki, daga nan ya kai ga aikin kanta. Baba ya yi tsaki, ya yi ƙorafi, amma ya amince, kuma yaran suka daina gudu. Har yau ina alfahari da tsarin nan.

Abu ɗaya ya cire daga ciki. Na ce masa sai an ƙara mutum ɗaya a ɗakin guga, domin Goggo ma ta samu rabin yininta a zaune da ranar hutunta. Ya ajiye wayarsa ya dube ni kamar na faɗi abin dariya.

"Goggo kuma? Ai ita ba ma'aikaciya ba ce. 'Yar gida ce."

"'Yar gida ba ta gajiya ne, Baba?"

"Shagon nan nata ne kamar yadda yake nawa. Kin taɓa ganin an ba mai abu hutu daga abinsa? Kada ki kuskura ki kai mata wannan magana, za ta ce mun mayar da ita bare."

Goggo ba ta da ko hangar rataye kaya ɗaya a shagon nan. Abin da take da shi ɗaki ne a bayan gidanmu tun rasuwar mijinta, da kwanon abinci, da turmin zane idan Baba ya tuna.

Daga ranar, duk giɓin da hutun yaran ya bari, ita ke cikewa. A da akwai mai karɓarta da rana ta ɗan zauna ta ci abinci. Yanzu mai karɓar tana teburin ninki, lokacin zamanta ne. Goggo sai ta ajiye kwanonta a kan taga, ta riƙa kai loma tsakanin zane da zane. Ranar da wani ke hutu, riguna da wandunan da zai goge da dutsen guga ita suke jira. Zannuwan otel kuwa ba sa ƙarewa, mota na sauke wasu ana loda wasu.

Akwai wata yarinya mai surutu a cikin matasan, muna kiranta Cingam saboda bakinta ba ya rabuwa da shi. Ita ce abokiyar tsokanar Goggo.

"Goggo, gobe fa ina hutu," ta ce wata rana tana leƙen ɗakin. "Barci zan yi har rana ta take. Me zan sayo miki?"

"Ki duba mini sabuwar ƙafa in ana sayarwa."

"Ta roba ko ta ƙarfe?"

"Ke dai ba ki da kunya. Irin taki nake so, wadda ba ta taɓa aiki ba."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Sai idona ya faɗa ƙasa. Goggo ta yanke igiyar silifas ɗinta na dama ta ɗaure shi da tsumma, domin ƙafar ta daina shiga. Ta kumbura har fatar tana ƙyalli, kuma ta naɗe idon sawun da wani ƙyallen tsohuwar rigar matashin kai, wanda ya jiƙe ya yi rawaya.

Na jira Cingam ta tafi, na tsuguna.

"Goggo, buɗe in gani."

"Tashi, Manaja, kada ki ɓata kayanki. Ƙurji ne, ya kusa warkewa."

Na kwance ƙyallen da kaina. Gyambo ne, ya yi rami, gefensa ya yi baƙi. Na taɓa yatsunta, ta ce ba ta ji ba. Na sake taɓawa da ƙarfi, ta yi murmushi ta ce, "Ai gara haka, ba ya damuna."

Da ƙyar na kai ta asibiti, sai da na ce wa Baba ni ce ba ni da lafiya ina son ta raka ni. Likitan ya duba ƙafar, ya sa aka gwada jininta, ya ce ciwon suga ne ya daɗe yana cinta. Ya tambayi aikinta, na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni ido cikin ido.

"Ƙafar nan tana iya warkewa idan ta daina tsayuwa kuma ta bar wurin zafi. Idan ta ci gaba, ba na yi muku alkawarin komai."

Duk hanyar komawa Goggo tana roƙona kada in faɗa. Na faɗa. A ofishin na samu Baba, na maimaita masa maganar likita ba ragi ba ƙari, na ce a mayar da Goggo aikin kanta. A kanta akwai kujera, akwai fanka, aikin karɓar kaya ne da miƙawa.

"Likitoci!" in ji shi. "Kowa ya je wurinsu sai sun samo masa ciwo. Kanta fuskar shago ce. Kwastoma yana son ya ga yarinya mai kuzari, mai iya danna kwamfuta."

"Zan koya mata."

"A waɗannan shekarun? Kada ki wahalar da baiwar Allah."

"To a mayar da ita teburin ninki, ɗaya daga yaran ya karɓi injin."

"Ki taɓa hutun yaran nan su watse mini? Ke kika ce in kula da su. Yanzu da suka zauna kike son ki kore su?"

"To ka ɗauki wani."

"Bari kwangilar nan ta tsaya da ƙafarta tukuna. Bayan wannan watan za mu gani."

Na je wurin Umma a kicin, ina zaton mace za ta ji. Ta saurare ni tana yankan albasa, ba ta ɗago ba.

"Irin su Goggonki aiki ne ke riƙe su," ta ce. "Ranar da kika zaunar da ita, ranar za ta fara mutuwa. Kuma ki rage ɗaga wa ubanki murya. Mutumin da ya riƙe 'yar'uwarsa shekara da shekaru, bai taɓa yi mata gori ba, wa zai ce bai kyauta ba?"

Amma maganar da ta fi damuna ta Goggo ce. Na same ta da safe a ƙofar ɗakinta tana naɗa bandejin asibiti, tana ɗora tsohon ƙyallenta a kai don kada a gani.

"Manaja, zauna," ta ce. "Ke kina da takardarki, duk inda kika je ƙofa a buɗe take. Ni fa? Idan na zauna, in ci abincin gidan nan a matsayin wa?"

"A matsayin wadda ta goyi mai gidan a bayanta."

"Goyo ya wuce, 'yata. Babu mai cin tuwon jiya yau. Kin ga ɗakin nan? Kullum na shiga na rufe ƙofa, na san na biya hakkinsa da ƙafata. Kada ki cire mini wannan. Ki bar ni in yi haƙuri, shi kaɗai na iya."

Ban bar ta ba. Washegari na riga ta shiga ɗakin guga, na ɗaura ɗankwali, na tsaya a gaban injin. Kafin rana ta ɗaga, rigata ta manne a jikina, idanuna suna yaji, bayana kamar an soka masa ƙarfe. Goggo na zaune a kan bokitin da na kifa mata, tana ta juya hannuwa a cinya kamar an ɗaure ta. Da labari ya kai wa Baba, ya shigo ɗakin da kansa, abin da ban taɓa gani ba. Bai wuce bakin ƙofa ba saboda zafi.

"Don ki tsaya guga na sa ki a makaranta? So kike mutane su ce me? Fita!"

"In na fita wa zai tsaya?"

Ya juya ga yayarsa, ya sassauta murya.

"Yaya, idan kin gaji ki faɗa mini. Wallahi ba na tilasta miki. Kin gaji?"

Goggo ta dafa bango ta miƙe.

"Ban gaji ba, Maigida."

Haka take kiransa a shago, ƙanen da ta yi wa wanka. Ta ture ni daga gaban injin a hankali, ta ce, "Kin ga abin da kika jawo mini?" Ta taka feda, tururi ya raba mu.

Watan da Baba ya ce ya wuce, wani ya bi bayansa. Ƙafar dama ta daina iya taka feda, sai Goggo ta koma takawa da hagu. Wannan na nufin duk nauyinta yana kan mai ciwon. Wari ya fara fita daga ɗakin, ƙamshin sabulu da sitati ba sa rufe shi. Matasan suka riƙa wucewa da sauri idan sun zo ɗaukar kaya. Cingam ta daina tsokana. Kullum da rana ina wanke gyambon a bayan shago, ina kallon baƙin yana hawa, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Kullum ina komawa ofis da magana ɗaya, har Baba ya fara kulle ƙofa idan ya hango ni.

Wata rana otel ɗin ya dawo da zanen gado ɗaya da tabo a gefensa, inda ya gogi ƙafar Goggo. Ranar ce na ga Baba ya damu da gaske. Ya ɗauki zanen ya zo har bakin ɗakin.

"Yaya, don Allah ki riƙa kula. Mutanen nan ba su da mutunci." Ya zaro ledar da muke zuba kayan kwastoma a ciki ya miƙa mata. "Ki riƙa ɗaure ƙafar a cikin wannan, don tsabta."

"Baba, leda a kan gyambo, cikin wannan zafin?" na ce. "Ruɓewa zai yi."

"Ke likita ce ko manaja? Zaɓi ɗaya."

Na fizge ledar na yar. Da na juya baya, Goggo ta ɗauko wata ta ɗaura.

Da tsakar rana abin ya faru. Ina teburin ninki tare da Cingam, sai ta tsaya da zane a hannu, ta daina tauna.

"Anti, kin ji?"

Na kasa kunne. Mun saba da hucin injin, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya, har mutum ya daina jinsa. Yanzu yana yi ba ya tsayawa. Muka ruga. Ɗakin ya cika fari fat, ba a ganin komai. Na shiga ina lalube, na yi karo da ita a ƙasa. Ta zame ta faɗi, kafaɗarta ta danne feda. Jikinta zafi kamar garwashi. Da muka ja ta waje, tana buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne, "An cire zanen? Zai ƙone."

A ƙasan gwiwa likitoci suka yanke ƙafar.

A barandar asibiti na ji Baba yana yi wa masu dubiya bayani, idonsa jajir, kuma na rantse hawayen na gaske ne.

"Babu yadda ba mu yi da ita ba ta huta, ta ƙi. A gaban yarinyar nan na tambaye ta ko ta gaji, ta ce a'a. Kun san mutanen da, ba sa jin magana."

Suka yi ta gyaɗa kai. "Allah sarki. Ƙaddara ce, Alhaji. Ka yi iya ƙoƙarinka."

Na ce, "Likita ya faɗa tun da wuri, kuma na faɗa masa."

Umma ta matse mini hannu har farcenta ya shiga. Wata tsohuwa ta ce, "Yaran yanzu, boko ya cire musu ladabi." Aka canja magana.

Kafin a sallamo Goggo, Baba ya ɗauki samari biyu su riƙe aikin da ita kaɗai take yi. Kowannensu da rabin yininsa a zaune, da ranar hutunsa. Ya sa aka fasa bango aka saka fanka mai zuƙe zafi, domin sun ce in ba haka ba ba za su zauna ba.

Ita kuma ya ba ta aikin kanta. Kujerar da na roƙa mata lokacin da take da ƙafa biyu, sai da ƙafar ta rage ɗaya ya ba ta. Na koya mata kwamfutar, ba ta wani sha wuya ba. Kwastomomi suna shigowa su ga keken guragu, su leƙa ofis su ce, "Alhaji, Allah Ya saka. Wani da tuni ya jefar da ita a ƙauye." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai 'yar gida ce."

Wani lokaci ina tsaye kusa da ita, idan injin ya yi huci daga ƙurya, sai in ga zanen da ta rufe cinyarta yana motsi. Dungun ƙafar ne yake dannawa ƙasa, kamar yana taka feda. Ta ce mini tana jin yatsun har yanzu, suna mata ƙaiƙayi a cikin leda.

Matasan da ke da inda za su, an ba su kujera da iska da hutu. Wadda ba ta da inda za ta, an ba ta suna mai daɗi, aka tsayar da ita har ta faɗi. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Da ladabi aka yi komai, da "Yaya" da "don Allah". Shi ya sa duk wanda na ba labarin sai ya tambaye ni wai ina laifin yake. An yi mini tayin aiki a wani kamfani, Umma har ta fara murna za ta huta da bakina. Na ƙi tafiya.

Da otel ɗin ya ƙara yawan kaya, na ce wa Baba ana buƙatar mutum na uku a ɗakin guga. Ya ce in bari, ya riga ya yi dabara. Bayan 'yan kwanaki sai ga wata 'yar'uwarsa da muke kira Anti Ƙarama, wadda aurenta ya mutu, ta sauka a ƙofar shago da jaka a hannu. Baba ya fito da fara'a ya tarbe ta a gaban kwastomomi.

"Ga gida, ga shago, duk naki ne. Sai ki ɗan riƙa taimakawa a ciki, don kada tunani ya yi miki yawa."

"Zo nan, ƙanwata," in ji Goggo daga bayan kanta.

Anti Ƙarama ta matso za ta durƙusa ta gaishe ta. Goggo ta turo kekenta waje, ta yaye zanen da ke cinyarta.

"Da ƙafa biyu na shigo," ta ce. "Kada ki sauke jakar nan."

"Yaya, wace irin magana ce wannan a gaban mutane?" in ji Baba.

"Auta, yi mini shiru."

Ban taɓa jin ta kira shi haka a shago ba. Anti Ƙarama ta dubi dungun, ta dubi titi, ta dubi jakarta.

"Goggo," ta ce a hankali, "to ina zan je?"

Ta ajiye jakar.

Na ce wa Baba, da ƙarfin da kowa zai ji, za ta yi rabin yini, ta samu ranar hutu da albashi kamar kowa. Ya ce za mu yi magana a gida. Har yanzu ba mu yi ba. Kullum idan rana ta raba, ina shiga ɗakin guga in kashe injin in fito da ita teburin ninki. Kullum Baba yana aikowa a kunna, ita kuma ta tashi ta koma, tana ba ni haƙuri. Gobe ma zan kashe.

Idan an zo rufe shago ina tura Goggo zuwa gida, ba ta tambayata ciniki, ba ta tambayata ko mun daidaita da Baba. Sai mun fita titi take juyowa ta dube ni.

"Kin duba ƙafafun ƙanwata yau?"